Zanen Mama Kindness, Sunan Mato Direba

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe 5:20 na yamma

Rabona da littafin nan tun ina amarya. Yau na zaro shi daga ƙasan akwati saboda akwai maganar da ba zan iya faɗa wa kowa ba, in kuma na bar ta a ciki za ta tayar mini da olsa.

Saura wata guda mu buɗe baje kolin zane-zanen Mato Umar. Shekara biyu muna kan aikin nan ni da Oga Nababa, daraktan sashenmu a hukumar adana kayan fasaha. Zane talatin da ɗaya muka tarar a sito da sunan mutum ɗaya, wanda ba a taɓa jin labarinsa ba. Oga ya rubuta littafi sukutum a kansa, ni na ɗauki hotuna na tsara shafuka, sunana ma yana nan ƙasan nasa a bangon littafin. Yau aka rataya ƙaton ƙyalle a bakin get: MATO UMAR, GWANIN DA AKA MANTA.

Ina tsaye ina kallon masu ratayawa sai ga Baba Zacharias, tsohon mai kula da sito, ya zo tantancewar 'yan fansho. Ya ɗaga kai ya karanta, ya sake karantawa, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Na ce, "Baba, lafiya dai?"

Ya ce, "Wane Mato? Mato namu? Mato direba? Nazeefa yarinya na, Mato ko sunan shi bai iya rubuta ba, da babban yatsa yana sa hannu. Aikin shi ya tuƙa akori-kura, ya je ƙauye ya kwaso kaya ya kawo mini a sito."

Ni ma na yi dariya don kada ya lura da fuskata. Na ce masa zan zo gida mu yi magana.

Talata, 10 ga Satumba, ƙarfe 1:15 na rana

Na kulle kaina a sito na zauna gaban zane na goma sha huɗu. Ɗakin mai jego ne. Ga tukunyar ruwa tana tururi, ga damin ganye a hannun tsohuwa, ga faso a dunduniyarta. Mai jegon ta cije leɓe ta dafa bango. Wanda ya zana abin nan a ƙasa yake zaune, cikin ɗakin, kusa da tabarma.

Shafi shida Oga ya ɓata yana yabon yadda Mato ya fahimci zuciyar mace. Ni mace, mai 'ya'ya biyu, wadda ta sha ruwan zafin nan har sau biyu, na karanta na gyara masa waƙafi da aya. Ban taɓa tambayar kaina ta wace ƙofa namiji ya shiga ɗakin ba. Kunya nake ji, wallahi.

Laraba, 11 ga Satumba, ƙarfe 6:00 na yamma

Ban je wurin Baba ba. An yi ruwa.

Alhamis, 12 ga Satumba, ƙarfe 6:10 na yamma

Yau ba a yi ruwa ba. Ban je ba.

Asabar, 14 ga Satumba, ƙarfe 4:45 na yamma

Na dawo daga Dutse Alhaji. Sai da na ajiye mota a bakin titi na hau acaɓa, don lungun su Baba ya koma kwata. Na same shi yana gyara ƙafar kujera. Ƙwaƙwalwarsa garau, ta fi kwamfutarmu.

Ya ce tsohuwar rajistar sito gida biyu gare ta, gidan wanda ya kawo da gidan wanda ya yi. "Matan nan ba su zuwa ofis. Wani miji bai yarda ba, wani babu kuɗin mota. Mato ya kawo, na rubuta Mato a wurin wanda ya kawo. Wurin wanda ya yi na bar shi haka, don oga na lokacin ya ce sai mutum ya zo da kan shi ya sa hannu. Amma ni ban yarda suna ya ɓata ba. Kowane kaya na yi mishi kati, suna da gari da shekara, na jera a koren durowa na ƙarfe. Yana nan, ko?"

Na ce zan duba.

Mata uku ne suka yi zane-zanen da muke kira na Mato. Sha tara daga ciki na wata malamar firamare ne a Karshi, Kindness Meshach, kuma yana jin tana da rai. Takwas na wata Rekiya ne, ta rasu tun tuni. Huɗun ƙarshe ya dafe goshi ya yi ta lalube, daga baya ya ce, "Matan Obadiah. Sunan ta ya fita kai na, amma yana cikin kati."

Matarsa ta kawo mini dafaffiyar gyaɗa. Ko ɗaya ban iya ɓarewa ba.

Litinin, 16 ga Satumba, ƙarfe 11:00 na safe. Hutun Maulidi

Yara sun tafi gidan kakarsu, maigidan ya fita. Bari in ba da labarin wata yarinya.

Shekara goma sha biyu da suka wuce aka ɗauke ta aiki a hukumarmu. Sati na biyu aka dire mata rajistar sito, kaya sama da dubu huɗu, aka ce ta shigar da su a kwamfuta kafin manyan baƙi su zo nan da sati uku. Yarinya ce mai son a ce ta iya. Ko sallar azahar a gurguje take yi.

Kwamfutar ba ta yarda a bar gidan mai zane babu komai. In ka tsallake sai ta ja jan layi ta ƙi gaba. Yarinya ta fara rubuta "ba a sani ba", shugabarta ta leƙo ta ce wannan zai sa a ce hukuma ba ta san kayanta ba, ta nemi dabara. Sai ta duba gidan da ke gefe, ta ga suna zaune abinsa. Ta ɗauko shi ta zuba. Jan layi ya ɓace. Ta ji daɗi, har ta ga kanta mai wayo.

Akwai wata koriyar durowa a kusurwar sito, gara ta fara cin katunan ciki, tana wari. Yarinya ta zaro biyu ta ga lambobi irin na rajista, ta ce ai maimaici ne, komai ya riga ya shiga kwamfuta. Ta sa masinjoji suka kwashe suka ƙone a bayan ɗakin janareta. Ta gama aiki saura kwana biyu, aka ba ta takardar yabo.

Ranar da aka ba ta takardar wani ɗankwali ruwan hoda ta ɗaura. Ɗazu na gan shi ina neman safar ɗana Sultan.

Laraba, 18 ga Satumba, ƙarfe 2:30 na rana

Na bi kwamfuta suna bayan suna. Ba Mato kaɗai ba ne. Andrew masinja yana da tukwane arba'in da huɗu. Wani Nicholas, wanda Baba ya ce mai gadi ne, ya saƙa gwado goma sha bakwai. Jimla ɗari biyu da goma sha biyu. Ashe direbobinmu da masinjojinmu duk gwanaye ne, mu ne ba mu sani ba.

Oga ya ƙwala mini kira a baranda, fayiloli suka zube daga hannuna. Ashe maganar hayar kujeru ce. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Alhamis, 19 ga Satumba, ƙarfe 7:05 na safe

Maigidan ya ce na rame. Na ce ciwon kai ne.

Asabar, 21 ga Satumba, ƙarfe 5:50 na yamma

Karshi.

Na so a ce ban same ta ba, gaskiyar ke nan. Duk tsawon hanya, daga cunkoson Nyanya har Orozo, ina addu'ar da ban san yadda zan kira ta ba. Amma mai doya ta farko da na tambaya a kasuwa ta ce, "Malama Kindness? Ai ita ta koya mana ABC," ta nuna mini gida mai bishiyar gwaiba.

Tsohuwa ce doguwa, ta kai saba'in da wani abu. Ciwon suga ya cinye mata ido, sai inuwa da launi take gani. 'Yarta Sandra ce ke kula da ita, tana da ɗan shago a ƙofar gida. Na gaishe ta na ce daga Abuja nake, daga inda ake ajiye zane-zane.

Ta ce, "Ba su zubar ba?"

Na ce suna nan, sha tara, lafiya lau.

Ta rufe baki da hannu biyu. Sandra ta ce, "Mama, abeg, kar ka fara kuka, BP naka." Ba ta yi kukan ba, sai ta hau zuba. A kan ragowar allon silin da aka bari bayan ginin aji take yi, da fentin gida, shuɗin kuma bular wanki ce take haɗawa da ƙaro. Mijinta yana cewa tana ɓata lokaci, sai ta bari ya tafi gona ta fito da su daga ƙarƙashin gado.

Ta ce, "Akwai na Saratu, ƙanwa na, lokacin da ya haihu. Akwai kaza a bakin ƙofa, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Kazan nan ya dame ni ranan, na ce to sai na sa ka a ciki."

Akwai kazar, a zane na sha huɗu. Oga ya ce a littafi wai alama ce ta rauni da jiran ƙaddara.

Ta ce, "Sun gaya mana gwamnati zai sa a babban gida a Abuja, kowa da sunan shi. Na jira, na jira, har na daina faɗa ma mutane, don sun fara ce ƙarya ne." Ta laluba ta kamo hannuna. "Yanzu za a sa a bango? Da suna na?"

Na ce, "Za a sa, Mama."

Ban ambaci Mato ba. Ban ambaci yarinyar ba. Ta sa Sandra ta tsinko mini gwaiba cike da leda, suna nan a bayan mota ban shigo da su ba.

Litinin, 23 ga Satumba, ƙarfe 4:10 na yamma

Na faɗa wa Oga. Rabin maganar na faɗa.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Who else knows?" Na ce Baba Zacharias da matar da 'yarta.

Ya ce, "Nazeefa, kin san kwafi dubu biyu suna nan a ɗaure? Babban Sakatare da kansa ya rubuta gabatarwa. Ɗan Mato mun nemo shi, zai zo da iyalansa tun daga Bichi ya karɓi lambar yabo, tun da ya ji labari yake kuka wai bai san babansa haka yake ba. Yanzu in je in ce me? Ina evidence? Tsoho ɗan fansho da matar da ba ta gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta faɗi abin da ke cikin zanen tun kafin in buɗe baki."

Ya ce, "Record ɗinmu ya ce Mato." Ya tsaya ya dube ni. "Wa ya shigar da record ɗin?"

Ashe ya sani. Ko kuma a lokacin ya gane, ban sani ba. Ya sassauta murya ya ce shi ya kawo ni gidan nan, mahaifina, Allah ya ji ƙansa, amanata ya bar masa. Ya ce in wannan magana ta fita, shi dariya za a yi masa ya yi ritaya badi, amma ni ce za a nema da takarda. In yi tunanin 'ya'yana.

Ba mugu ba ne, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Gaba kura, baya siyaki.

Laraba, 25 ga Satumba, ƙarfe 12:40 na rana

Sandra ta kira sau uku. Ina kallon wayar har ta tsinke.

Alhamis, 26 ga Satumba, ƙarfe 9:30 na safe

Ta turo saƙo. Wai Mama ta sa an kai atamfarta wurin tela, tana tambaya wace rana ce. Wai ta faɗa wa matan zumunta a coci.

Juma'a, 27 ga Satumba, ƙarfe 3:20 na yamma

Na rubuta memo. Sau huɗu na yage. Na farko na ce "an samu kuskure". Na biyu na ce "kwamfuta ta jawo kuskure". A na biyar na rubuta abin da ya faru, da kwanan wata, da koriyar durowa, da sunana cikakke. Ni ce yarinyar. Ga shi nan na rubuta a nan ma.

Yana cikin jaka. Ban miƙa ba.

Lahadi, 29 ga Satumba, ƙarfe 5:00 na yamma

Na je kasuwar Gudu sayen tumatir, na dawo da albasa kashi biyu babu tumatir. Gwaibar nan ta ruɓe a mota, sai da Sultan ya ce motar tana wari na tuna.

Litinin, 30 ga Satumba, ƙarfe 10:15 na safe

Na miƙa. Sakatariya ta buga hatimi ko dubawa ba ta yi ba, tana cin ƙosai. Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji komai ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba, ƙarfe 4:55 na yamma

Wata takarda ta zo mini yau. Ba zan rubuta abin da ke cikinta ba. An karɓi makullin sito, an ce in jira a gida daga gobe. A baranda masu cewa "Madam Nazeefa" tun daga nesa yau duk wayoyinsu suke dubawa.

Kafin in fita Oga ya kira ni. Bai ce in zauna ba. Ya ce na yi gaggawa, na yanke wa kaina igiya, amma dai zai yi abin da zai iya. Littafi ba zai taɓu ba, ƙyallen get ba zai taɓu ba. Sai dai a gefen zane sha taran nan zai sa a liƙa ƙaramin kati mai cewa ana kyautata zaton aikin Kindness Meshach ne. Sauran kuma kwamiti zai duba bayan taro.

Ana kyautata zato. Matar tana zaune a Karshi da ranta. Amma na karɓa hannu bibbiyu, har da godiya, har da "Allah ya ƙara girma". Da babu gara ba daɗi.

Asabar, 5 ga Oktoba, ƙarfe 11:30 na safe

Na kira Sandra na ce ranar Alhamis ne, ni zan zo in ɗauke su. Ina jin muryar Mama daga ciki tana cewa, "Tambaye shi, sun sa sunan?" Na ce a gaya mata za a sa.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe 2:00 na rana

Na kira Edward mai buga katunan bango. Ya ce, "Madam, ni dai abin da aka ba ni na buga," ya ce yana cikin aiki. Na kira Oga, waya tana ta ringi.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe 6:20 na yamma

Ya kamata in kira in ce kada su zo. Na riƙe wayar har aka kira magariba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe 5:35 na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, daga nan in rufe littafin.

Ƙarfe bakwai ina Karshi. Na tarar da ita a zaune a ƙofar gida ta gama shiri, sabuwar atamfa kore da ruwan ɗorawa, ɗauri ya tsaya cak, har da jaka. Maƙwabta sun fito suna yi mata "Malama, a dawo lafiya". A mota ta yi ta ba ni labarin Rekiya, wai tare suka yi kwas a Keffi, hannunta ya fi na kowa. Matar Obadiah kuwa ba ta san ta ba.

Mai gadin get ya yi jim da ya gan ni, amma ya bar mu muka shiga. Mutane duk suna babban zaure wurin jawabai, ɗakin zane-zanen ba kowa sai mu uku. Ina riƙe da hannunta. Tun daga ƙofa na hango bangon, na bi shi da ido daga farko har ƙarshe. Babu ƙaramin kati ko ɗaya.

Na kai ta gaban na sha huɗu. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon, ta daɗe a haka.

Ta ce, "Blue ɗin bai mutu ba."

Na ce, "Bai mutu ba, Mama."

"Kazan yana nan?"

"Tana nan."

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Sai ta gyara tsayuwa, ta gyara ɗaurinta, ta ce, "To, karanta mini."

Na dubi farin katin da ke gefe. Na dubi Sandra, ita ma ta riga ta karanta, ta kafe ni da ido. Na buɗe baki na ce, "Kindness Meshach, Karshi, 1987."

Sandra ta sunkuyar da kai. Sai na ji yatsun Mama sun motsa a cikin hannuna.

Ta ce, "Yarinya, shekara talatin da biyar ina cikin aji. Na san muryan yaro in yana karanta abin da babu a littafi. Karanta abin da yana wurin."

Na karanta. "Mato Umar, 1987."

Ta maimaita sunan a hankali. "Mato. Mai mota. Ranan da ya zo ɗauka ana ruwa, ya cire rigan shi ya rufe su." Daga zaure aka ɓarke da tafi, muka ji muryar namiji a lasifika tana rawa, yana godiya a madadin mahaifinsa. Ta karkata kai tana saurare. Ta ce, "Ɗan shi ne yana kuka?" Na ce eh. Ta ce, "Bar shi."

Na ɗauka shi ke nan. Sai ta ce, "Mato bai iya rubutu ba. Wane ne ya rubuta shi a wurin?"

Da zan iya cewa kwamfuta. Da zan iya cewa gwamnati, kowa ma haka yake cewa. Na ce, "Ni ce, Mama. Tun shekara goma sha biyu. Kuma na sani ranar da na zo gidanki."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta zare hannunta daga nawa a hankali, yatsa bayan yatsa, ta miƙa shi cikin iska tana lalube har Sandra ta kama.

Ta ce, "Sandra, kai ni gida."

Na bi su a baya har bakin get da makullin mota a hannu, ina cewa Mama ga mota, Mama Karshi da nisa. Ba wadda ta waiwayo. Sandra ta tare musu tasi, ta tattare mata gefen sabuwar atamfar don kada ƙofa ta datse.